Hannu a Kan Hula

Mahaifina mahauci ne a mayankar Agege da ke Legas, kuma duk unguwa an san alamarsa: idan ya cire hula ya cusa a aljihu, to wani zai sha duka. Ya daki direban motar haya ta danfo, ya daki maƙwabci a layin famfo, ya daki mahaifiyata. Ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba.

Ina aji uku na fasa wa wani yaro kai da dutse. Kafin in ɗauki dutsen sai da na cire hulata na sa a aljihu. Aka kore ni. Baba ya yi dariya, ya ce lallai jininsa ne. Karatun da ya kuɓuce mini ranar shi nake koyo yanzu, da furfura a gemu, a ajin manya na Asabar.

Tun da na yi aure ban ɗaga wa kowa hannu ba. Shi ya sa da malamin ɗana ya aiko cewa yaron ya yi faɗa karo na uku, kuma ana maganar korarsa, na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito bakin titi, in koma. Malamin ya ce abin da ke ba shi tsoro, yaron ba ya hayaniya. Hular makaranta yake cirewa, ya ninke, sannan ya afka.

Baba ya rasu kafin a haifi yaron. To a ina ya gani? Na tambayi matata tana tsintar shinkafa.

"A wurinka mana, Malam. Duk sanda ranka ya ɓaci sai ka cire, ka tsaya kana huci, ka mayar. Shi cirewar kawai ya ɗauka."

Ranar Litinin na kai shi ofishin shugabar makarantar. Ta yi ta faɗa da Turanci tana haɗawa da Yarbanci, har ta ce jikokin mahauta duk haka suke. Hannuna ya tashi da kansa ya kai kan hula. Na ji idon yaron a kaina.

Na gyara wa hular zama, na sauke hannun, na ce ta yi haƙuri.

Ta bar shi ya koma aji, amma ta ce wannan ne na ƙarshe. Yanzu kullum in lokacin tashinsu ya yi ina bakin ƙofar makarantar. Kansa nake fara dubawa kafin fuskarsa.