Masaukin da Babu Maigida

A gidanmu in aka ce "otal", to an yi zagi. Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Arabiyya a Shinkafi, kuma a wurinsa otal wurin giya ne da kiɗa da mutanen da danginsu suka sallama. Mutumin kirki in ya je wani gari, gidan wani yake sauka. A kawo masa ruwa, ya miƙa tsaraba, in zai tafi a taka masa har bakin hanya.

Shekarar da yanar ido ta rufe masa gani har ya daina ganin baƙaƙen Alƙur'ani, likita a Gusau ya ce sai an yi aiki, ido ɗaya yanzu, ɗayan in wannan ya warke. Da sassafe ake yi, a kwance bandeji washegari. Hanyarmu kuwa ta zama abin da ta zama. Tsakanin Shinkafi da Kaura ba mai hankalin da ke bi in rana ta karkata, direbobi ma ba sa tashi da safe sai sun ji labarin hanya. Dole mu kwana biyu a birni.

Na san inda Baba ya sa rai, gidan ɗiyar ƙanwarsa da ke aure a can. Na kuma san dangin mijinta sun baro ƙauyensu na wajen Zurmi saboda 'yan bindiga sun cika gidan. Na faɗa masa, ya ce gida ba ya cika da baƙo.

Sai na koma wayata ina zaɓen otal a ɓoye kamar mai neman aure. Wani abokin aikina ya turo mini hotuna. Na farko yana dab da asibiti, amma yana da zauren biki, na san kiɗa ɗaya zai sa Baba ya fito da sandarsa. Na biyu shiru, sai dai ɗakunan a sama suke, tsoho mai lalube ba zai hau bene ba. Na ukun ya yi nisa, fentinsa duk ya koɗe, amma a ƙasa yake, da ɗan masallaci a harabar, kuma a allonsa an rubuta "masaukin baƙi". Wannan kalma na riƙe hannu biyu, na je na same shi a zaure.

"Baba, wannan ba otal ba ne, masaukin baƙi ne."

"Ka san mai shi?"

"A'a."

"Shi ya san ni?"

"A'a, Baba."

"To mi ar raba shi da otal? Ina da ɗiya Gusau, in tai in kwan ɗakin haya kamar wanda anka kora?"

Raina ya ɓaci sosai, amma ba a ja da Baba. Muka kama hanya da kwalbar man shanu da ƙullin daddawa na tsaraba.

Yayar tawa, ɗiyar ƙanwar Baba, ta tarbe mu da murna ta gaskiya, har da hawaye. Amma tun daga zaure sai da na riƙa ɗaga ƙafar Baba kan tabarmi da ƙullin kaya. Tsofaffi a jere jikin bango, mata a rumfa, yara ko'ina. Baba ba ya gani, amma kunnensa ras yake. Ya ji tana raɗa wa wata cewa a fito da surukarta daga ɗaki a gyara wa Kawu. Tsohuwar kuwa ba ta da lafiya, muna jin tarinta daga inda muke zaune.

Ya sha ruwa, ya miƙa tsaraba, ya yi musu addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Ɗiyata, bar ta ɗakinta. Yaron ga ya riga ya yi muna masauki kusa da likita."

"Haba Kawu, mi mutane za su ce?"

"Su ce ni nac ce."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na samu abin da nake so, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba.

A masaukin, Baba ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama har sau uku kafin matar da ke kan tebur ta ɗago ta amsa. Ya lalubo goro daga aljihu, manya, farare.

"A yi mini iso ga maigida, in gaishe shi."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce cikin ladabi mai wurin yana Abuja, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Ta miƙo mabuɗi. Baba ya daɗe da goron a tafin hannu kafin ya mayar.

Ɗakin tsaf yake, ba abin kushewa. Ya ƙi gadon, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Ya ce in bar ƙofa buɗe ko wani zai leƙo a gaisa, na ce a nan rufewa ake yi. Tagar tana kallon katanga. Muka zauna mu biyu daga la'asar har magariba, ba wanda ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya aiko da ko kwanon fura. Ni da na zaɓi wurin sai na ji kamar an kulle mu.

Aiki ya yi kyau. Da aka kwance bandejin Baba ya kalle ni ya ce ashe na yi furfura bai sani ba. Likita ya faɗi lokacin da za mu dawo don ɗayan idon.

Da za mu bar masaukin, na ajiye mabuɗi na ɗauki jaka, sai na ga ba ya bayana. Yana tsaye a harabar, ya gyara rawaninsa, yana duban ƙofofin da sabon idonsa. Jira yake wani ya fito ya ce a sauka lafiya, a gaida gida. Ƙofofin duk a rufe suke. Sai da mai Keke Napep ya yi ta ham sannan ya tako.

Lokacin komawa ya zo, na tuna masa. Yana zaune a zaurensa da Alƙur'ani a cinya, ya karkatar da kai yana bi da idon dama. Na ce na sake duba wasu wuraren, akwai wanda ya fi wancan.

"Mutanen Zurmi sun koma gida?"

"Ba su koma ba, Baba."

"To in sun koma ka gaya mini. Wanga guda ya ishe ni karatu."

Har yau ba su koma ba. Idon hagun ya yi fari fat, kuma in na zo gaishe shi sai na zagayo ta dama.