Takardun Bayan Littafi na Malam Labaran

Tun bayan rikicin Jos na Satumbar 2001, Malam Labaran Mahdi bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba. A ɗakin karatu na wata sakandare da ke Tudun Wada, inda yake aiki, sai ka ga ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya gyara littafin da ya riga ya gyara. In taya ta fashe a titi, sai ya dafe tebur.

A unguwar Gangare aka haife shi. Kakansa ya zo Jos zamanin haƙar kuza, mahaifinsa tela ne. Ɗinkin kaya bai karɓe shi ba, ya koma ɗinkin littattafai a wata maɗaba'a, daga can makarantar ta ɗauke shi, shekara goma sha tara ke nan. Yana da wata al'ada da ba wanda ya koya masa: duk littafin da ya ɗinke sai ya manna farar takarda a bangon baya, wanda ya karanta ya rubuta sunansa da ra'ayinsa. Ranar Litinin yakan kwafi masu daɗi ya liƙa a allon labaran ɗakin karatu.

Da aka koma makaranta, kusan rabin masu rubutun ba su dawo ba. Iyayen Gangare da Nasarawa Gwom sun ce 'ya'yansu ba za su ƙara ƙetara gari ba. Shi kaɗai yake ƙetarawa kullum a kan acaɓa, yana waige-waige.

Wata Asabar ya haɗu da tsohuwar ɗalibarsu Sumayya a lungunsu, ta tambaye shi yadda wani labari da ta bari a tsakiya ya ƙare. Maimakon ya faɗa mata, ya kawo mata littafin a jakarsa. Da ta dawo da shi, ta rubuta a baya: "Ƙarshen bai yi mini ba. Yael, ke fa?" Yael ƙawarta ce da ta rage a makarantar. Malam Labaran ya ajiye littafin a gaban Yael ya wuce, ita ma ta rubuta amsarta. Kafin zangon ya ƙare, littattafai da yawa suna kai da komo a jakar nan, alhali doka ta hana ba wanda ba ɗalibi ba aro.

Shugaban makarantar, Mista Pwajok, ya ji labari ya kira shi.

"Malam Labaran, ashe gidan waya ka buɗe mini ban sani ba?"

"Oga, karatu kawai suke yi."

"Garin nan a tsorace yake. Wani uba ya ga rubutu ya juya shi yadda ya so, ni da kai ne a ciki. Alhamis wata marubuciya za ta zo. Kafin nan ka cire takardun nan kaf, ko ka miƙo mini makullin ɗakin karatu."

Kwana uku reza tana kan teburinsa. Ya yanke takarda biyu, ya karanta su, ya sake manna su. Ranar Alhamis ya zo da makullin a hannu, ya riga ya gaya wa matarsa ta shirya ganinsa a gida.

Marubuciyar, Dina Dantong, 'yar Barikin Ladi ce mai rubuta labaran matasa. Ta ce ba ta karantawa daga sabon littafi, a ba ta kwafin littafinta da ke makarantar, wanda hannaye suka tsofar. Shi ne wanda Sumayya ta fara ara. Ta juya bayansa, sai ta fashe da dariya ta karanta wa ɗalibai gardamar 'yan matan biyu, layi bayan layi.

"Wace ce Yael?"

Yael ta miƙe.

"To ina Sumayya, wadda ta ce na lalata ƙarshen?"

"Tana Gangare, Ma," in ji Yael. "Ba ta zuwa yanzu."

Dina ta zaro biro ta yi rubutu a ƙasan nasu, ta miƙa wa Malam Labaran. "Malam, ka kai mata. Na ce ta rubuto nata ƙarshen in gani, tunda ta fi ni iyawa."

Bai karɓa ba. Ya juya ya miƙa wa Mista Pwajok makullin. Shugaban ya dubi makullin, ya dubi yaran da suka zuba masa ido.

"Me zan yi da shi? Mayar aljihu. Amma littafin nan ya dawo mini Litinin, ni ma zan ga abin da ta rubuta."

Da la'asar Malam Labaran ya hau acaɓa, littafin yana cikin jakar da ke ƙirjinsa. Waige-waigen bai daina ba, sai dai yau yana ta ce wa ɗan acaɓan ya ƙara gudu.