Robar Sitiyarin 504 Dina

Jiya ina tsaye a shagon kayan mota a Makera, Malam Sani mai shagon ya ajiye mini abu biyu a kan kanta: mahaɗin sandar sitiyari na roba, da na ƙarfe. Sitiyarin tsohuwar 504 ɗina ya fara wasa.

Na zaro waya zan kira Baba Ayuba, makanikena na Kudenda, in tambaye shi wanne zan ɗauka. Sai da na nemo lambarsa na tuna wata biyu ke nan da binne shi.

Na ce, "Malam Sani, ba ni na ƙarfen, zai fi daɗewa."

Ya girgiza kai. "Alhaji, marigayi bai taɓa saya maka ƙarfe ba. Cewa yake hannunka na ciwo, kuma roba ce ke shanye girgizar hanya."

Sau ɗaya tak na taɓa yi masa kukan hannun nan, shi ma tun shekarun baya.

Na karɓi robar, na shiga mota na zauna, na rasa makaniken da zan kai wa ya sa mini ita.

Jama'a, ku wa ke lura da ku haka ba ku sani ba?