Ƙasa Mai Ƙyalli a Gonar Ƙanena

A shekara ta biyu ta fari, ƙanena ya roƙe ni in ƙara wa rijiyar gonarsa zurfi. Haƙa rijiya shi ne sana'ata, a hannun mahaifinmu na koya. Na shiga da digata, shi yana sama yana jan guga. Na wuce jar ƙasa, na wuce marmara, a wajen gaba takwas na tarar da wani ruɓaɓɓen dutse mai laushi. Da gugan ya isa sama sai bai sake zuro shi ba. Can ya leƙo ya kira ni.

"Yaya, fito ka gani."

Ƙasar da ya zube a bakin rijiya tana ƙyalli a rana, ƙanana-ƙananan abubuwa ruwan ɗorawa sun cika ta. Na sha ganin irinta a ƙarƙashin ƙasa ban taɓa kula ba. Amma a shekarun nan rumbu babu komai, labari kuma yana ta yawo cewa a wasu garuruwa na yamma mutane suna tono zinare. Ƙanena ya ɗebi ƙasar a hularsa ya ce, "Allah ya dube mu." Washegari ya ce ya fasa shuka bana, zai tone gonar gaba ɗaya.

Wanda bai san gonakinmu ba ba zai gane abin da ya tsorata ni ba. A nan gona tana jikin gona, babu daji, babu wurin da za ka koma ka yi sabon sara. Baƙar ƙasar da ke ciyar da mu kuwa kaurinta bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba haka aka same ta ba. Mahaifinmu da jakuna ya yi ta ɗauko taki daga birni, mangala bayan mangala, duk rani, har ya tsufa. In aka juyo jar ƙasa ta rufe ta, an binne aikin mutum guda na tsawon rayuwarsa. Na gaya wa ƙanena haka. Ya ce, "Yaya, kai dai ka saba da wahala ne." Ya ɗauki shebur ya fara daga kusurwar gabas.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke taruwa a makarantar firamare, mu magidanta, muna zaune a bencin yara gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malaminmu matashi ne da ya yi karatu a Bici. Na kai masa ƙasar a ƙunshe cikin tsumma. Ya murza ta a yatsa, bai ce zinare ne ba, bai ce ba shi ba ne. Sai ya juya ga aji ya ce gobe kowa ya zo da dutse ɗaya, ko wani abu mai tauri da ke fitowa daga ƙasa.

Wani maƙeri da ke zama kusa da ni ya ce, "Malam, mun zo koyon baƙi, yanzu kuma jifa za a koya mana?"

Aka yi dariya, amma kowa ya kawo. Akwai marmara, akwai farin dutsen ƙyastu, akwai kanwa, wani ya gutsuro dutsen niƙan matarsa. Ni na aro kwallin mai ɗakina, wanda ba a niƙa ba. Malam ya jera su a tebur, ya ce kowanne da halinsa kamar mutane, kuma ido shi ne ya fi saurin yi wa mutum ƙarya a kansu. Ya sa muka karce su da farce, sannan da wuƙa. Kanwa ta ba da kai nan take, farin dutse kuwa shi ya ci wuƙar. Ya fasa kwallin, ya ce mu duba: duk gutsuren da ya fita, ɓangarorinsa a miƙe suke kamar ɗan akwati. Ya nuna mana gishirin da ya narkar ya shanya a faranti tun shekaranjiya, shi ma ya koma 'yan akwatuna. Ya ce babu wanda ya sassaƙa su, haka Allah ya shirya cikinsu, kowane iri da tsarinsa.

Na daɗe ina kallon farantin nan. Shekara da shekaru ina cin gishiri ban san yana da siffa ba.

Sannan ya zo kan ƙasata. Ya tambayi maƙerin me zinare yake yi in an doke shi. Maƙerin ya ce ya taɓa gani a birni, bajewa yake yi kamar dalma, ba ya fashewa. Malam ya ce kuma nauyinsa ya ninka na kwalli. Ya miƙo mini allura ya ce, "Baba, kai ka haƙo, kai za ka gwada." Na tsokani ɗaya daga cikin masu ƙyallin, ya rabu ganye-ganye kamar bawon albasa. Na danna, ya zama gari.

"Malam, ka zo ka gaya wa ƙanena," na ce.

"In na gaya masa, zai ce yaro ya zo da boko. Kai za ka koyar da shi. Kada ka faɗa masa amsa, ka ba shi abin a hannunsa."

Da safe na sami ƙanena ya riga ya tone wajen kunya goma, jar ƙasa tuli-tuli. Na ajiye ƙwarya da ruwa kaɗan da guntun kwalli, na zauna.

"Me kuma makarantar tsofaffi ta aiko?" ya ce.

"Ba komai. Ka ce zinare ne. To, masu saye ba sa sayen ƙasa, sai ka wanke. Zo ka wanke mu gani."

Ya zuba ƙasar a ƙwarya, na jefa kwallin ciki, na ce masa zinare ya fi wannan nauyi, in akwai shi tare za su kwanta. Ya juya ƙwaryar a hankali. Kwalli ya zauna a gindi bai motsa ba. Masu ƙyallin suka taso suna yawo a ruwa, suka bi bakin ƙwarya suka zube. Ya ce hannunsa ne ya karkace. Ya sake, ya kuma sakewa, har sau biyar. A na ƙarshe ya daɗe yana kallon gindin ƙwaryar, babu komai sai yashi da kwallin matata.

"Yaya, da ka bar ni na ƙara ko kwana uku ina murna," ya ce.

Wannan maganar ta fi zauna mini a rai fiye da duk abin da ya faru. Na ɗauki shebur muka fara mayar da ƙasa, ja a ƙasa, abin da muka iya tsincewa na baƙa a sama.

Rijiyar na ci gaba da ita, a gaba goma sha ɗaya ta kawo ruwa, ba mai yawa ba. Malam ya sa na ɗebo ƙasar kowane hawa a kwalin ashana, na rubuta sunanta da hannuna, yana nuna wa ɗalibansa na safe. Su ne kalmomin farko da na rubuta ba kwafa ba.

Da ruwa ya sauka ƙanena ya shuka gonar duka. Kusurwar gabas kuwa sai da ta shekara shida muna zuba mata taki kafin geronta ya kamo tsayin sauran. Har yau in na bi ta wurin ina gane iyakar inda shebur ɗinsa ya tsaya.