Telan da Muka Daina Gaisarwa

A zangon Kumasi na tashi, da sanin cewa telan da ke daura da gidanmu shi ya kai ƙarar Baba. Ban cika shekara biyar ba aka tafi da Baba. Ya shekara uku a tsare, ya dawo da tarin da bai sake shi ba har ya rasu. Inna ta hana mu gaida telan. Ni kuwa na ƙara da nawa: in na wuce shagonsa sai na tofar da yawu, 'yarsa kuma, tsarata ce, ban taɓa amsa gaisuwarta ba.

A zamanin nan gwamnati ta rungumi gurguzu, ta ce renon yara aikinta ne. Ana tashi daga makaranta sai a kwashe su zuwa fili, a sa musu kaki da ƙyallen wuya, a koya musu maci da waƙar yabon shugaba, a raba musu burodi. Yayana yana cikinsu, yana ɗan shekara tara. Inna ta ji daɗi, ta samu mai riƙe mata ɗa har ta taso daga kasuwa.

Bara, wata Asabar da rana, na tashi daga Greenbelt zuwa Gaithersburg, a nan Amurka inda muke zaune yanzu, na kai wa Yaya tuwo da miyar kuka, don tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki nake kai masa. Muna zaune jikansa ya shigo cikin kayan 'yan sikawut, da ƙyalle a wuya, ya gaishe mu da Turanci ya haye sama. Yaya ya bi shi da kallo, ya ture kwanon.

"Ƙanwata," ya ce, "ba tela ba ne. Ni ne."

Ban gane ba sai da ya yi bayani. Malaminsu na fili ne ya tambaya wa ya taɓa jin ana zagin shugaba a gidansu, ya ce mai gaskiya shi zai riƙe tuta ranar maci. Yaya ya ɗaga hannu, ya faɗi abin da Baba kan ce in yana sauraron rediyo. Bayan kwana biyu aka zo aka kama Baba.

"Inna ta sani, Yaya?"

"A ranar na gaya mata. Ta ce in rufe bakina har kabari. Da mutane suka fara zargin tela, sai ta bi su."

Ban yi masa faɗa ba. Yaro ne aka yaudara da tuta. Amma ya girma, ya yi furfura, yana jina ina tsine wa bawan Allah shekara da shekaru. Inna kuwa, wadda na yi jinyarta da hannuna, ta tafi ba ta ce mini komai ba.

Na nemi lambar 'yar telan na kira ta. Na fara neman gafara, ta katse ni.

"Hajiya, ai mun sani. Babanmu ya sani tun lokacin. Ya ce yaro ne, gara shi a zage shi da a lalata yaron."

Daga bakinta kuma na ji ashe shi ma namu Baban ya sani. Duk gidajen biyu, ni kaɗai aka bari a duhu.

Har yau ina dafa wa Yaya tuwonsa ran Asabar, amma 'yata ce ke kai masa. Ya aiko sau biyu yana tambayata. Na ce ta gaya masa ina nan lafiya.