Wasiƙar Baffa zuwa Panya

A shekarun da kuɗin mai ya sa kowa a Gombe ya sayi rediyo, ƙanen mahaifina ya dawo daga tsibirin Panya, inda ya daɗe yana aikin gonar koko. Bai zo da komai ba sai akwatin ƙarfe da Sifaniyanci a baki. Matarsa 'yar can ce, ta tsaya jinyar tsohuwarta ranar da jirgin ruwa ya kwaso ma'aikatan zuwa gida. Ko za ta biyo shi, ko auren ya mutu ke nan, Baffa bai sani ba.

Yana jin yaren, amma bai iya rubutu ba. Ni kuwa malamar firamare ce, na iya rubutu, amma ko sannu ban sani ba a yaren. Sai muka haɗa gwiwa don yi mata wasiƙa, yana faɗa ina rubutawa yadda kunnena ya ji.

Shafi ɗaya ya ci mana kwana uku, don Baffa akwai tsirfa. Wai a yaren, abin da ya tabbata daban ake faɗinsa, in kuwa fata kake yi ko roƙo, sai ka lanƙwasa ƙarshen kalmar. Sau shida ya sa na goge layi guda.

"Haba Baffa, ka ce mata ta zo kawai mana!"

"Malama, ba ɗalibarki ba ce. Roƙonta nake yi."

Haushi ya sa na karya bakin fensir, amma dai na gyara.

Sai da damina ta wuce amsa ta iso. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a unguwar Malam Inna, na shiga karantawa da ƙarfi kamar aku. Tun a layin farko ya fashe da dariya. Wai sai da ta tara maƙwabta uku kafin suka gane rubutuna. Can tsakiya ya yi salati a hankali, ya ce tsohuwar ta rasu. Daga nan tsoro ya kama ni, don hukuncin auren yana fita daga bakina ban san me nake faɗa ba. Layin ƙarshe sau biyu ya sa na maimaita shi.

"Baffa, don girman Allah, me ta ce?"

Ya karɓi takardar, ya ninke ta ya sa cikin hula, ya miƙe yana laluben takalmansa.

"Malama, wa ke sayar da agade, ayabar nan ta suya, a garin nan? Ba ta iya cin tuwo ba."