Sodangi da Zarton da Bai San Babbar Riga Ba

Kullum bayan sallar asuba Malam Sodangi kafinta yakan share tebur ɗin injin zartonsa, ya duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, sannan ya tada janareta. A Kaura Namoda yake zaune, amma injin nan ɗan tafi-da-gidanka ya fi wasu direbobi sanin hanyar Shinkafi da Zurmi. A bayan a-kori-kura ake ɗora shi, a kai shi inda katako yake.

Dokarsa biyu ce. Ba ya cire murfin da ke rufe haƙoran zarto, kuma mai babbar riga ba ya matsowa kusa da tebur. Abokan sana'a sun sha yi masa dariya, wai yana lallaɓa inji kamar jinjiri. Wasu daga cikin masu dariyar yau da yatsu takwas suke gaisawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wata makaranta a Zurmi ta ware wa 'yan mata azuzuwansu, aka kira Sodangi ya yi bencina kafin a koma karatu. Malama Hindu, shugabar ɓangaren matan, ita ta ba ni labarin. Saura kwana uku, sai ga Alhaji Jafaru, jami'in da ke kula da aikin, cikin shadda mai sitati. Ya tsaya daf da tebur yana nuni da hannu, ya ce a cire murfin nan a yi sauri, in ba haka ba a ba wani aikin. Sodangi ya kashe inji.

"Ranka shi daɗe, ja da baya. Wanga abu bai san babban mutum ba."

Alhaji ya fusata, ya ce a ɗaure kaya. Sodangi ya roƙi minti ɗaya. Da Alhaji ya matsa, ya ɗaura tsumma a bakin doguwar sanda, ya tada injin, ya miƙa ta wajen haƙoran. Kafin ƙiftawar ido zarto ya fizge tsumman ya yi kaca-kaca da shi. Alhaji ya daɗe yana kallon hannun rigarsa. Ya tuɓe ta, ya rataye a reshen dalbejiya, ya kama jidar katako.

Bencina sun makara da kwana biyu. Har yau ana zama a kansu.

Malam Sodangi, kai ne ka yarda ka rasa aiki don kada wani ya rasa hannu. Ina alfahari da kai, kuma mun gode. Allah ya saka maka da alheri. Masu injin zarto, ku bar murfin nan a wurinsa, ku naɗe hannun riga.

Bana ya ajiye aiki, ido ya fara rauni. Ranar da muka yi masa addu'a, ya ɗaga hannuwa sama, ni kuwa na ƙirga. Goma cif.